Inda Iyatu Ke Aza Ido

Duk macen da ta yi aure a Yargalma a 'yan shekarun nan, in ka bincika, kanta ya taɓa kwanciya a cinyar Iyatu makitsiya. Ta san ƙeyar kowa a garin. Ta san mai amosani, ta san wadda gashinta ke karyewa in tana goyo, ta san wadda ke ɓoye furfura da lalle tana cewa maganin ciwon kai ne. Abin da ba a taɓa kama ta tana yi ba shi ne kallon mutum cikin ido. Kina yi mata magana, ita kuwa tana kallon kunnenki, ko bakin kallabinki, ko kazar da ke wucewa ta bayanki. Baƙuwa takan waiga ta ga me ake kallo. 'Yan gari sun daina waigawa tuntuni.

Wannan hali bai taɓa jawo mata asarar da ta dame ta ba sai bana, da aka sa ranar auren autarta Mardiyya, yarinyar ta ce ita a Gummi za a yi mata kitson amarci, ba a cinyar Innarta ba. Amma kafin mu kai can, bari ku san Iyatu tukuna.

A Gwashi aka haife ta, kuma ta yi sa'ar ƙasa. Da a inda ake son yaro ya tsare babba da ido ne, da tun tana ƙarama an gane akwai magana. Nan kuwa yaron da ke sunkuyar da kai shi ne ɗan albarka. Sai Iyatu ta tashi da lambar ladabin da ba ta nema ba. Iyaye mata har gori suke yi wa 'ya'yansu da ita: "Ba ku ganin ɗiyar Makau? Ko da wasa ba ta ɗaga ido ta dubi babba." Ba wanda ya lura cewa yaro ma ba ta dubansa, haka sa'anninta, haka mai tallan ƙuli.

Innarta ce kaɗai ta san inda gizo ke saƙar. Rabin tarbiyyar uwa ai da ido ake yin ta. A je gidan mutane a miƙo wa yarinya tuwo, uwa ta yi mata kallo ɗaya, yarinya ta ce ta ƙoshi. Innar Iyatu takan yi kallon, ta ƙara, ta yi harara har idonta ya kawo ruwa, Iyatu kuwa tana can tana nazarin saƙar tabarmar masu gida, hannunta na cikin akushi. In an fito aka rufe ta da faɗa a hanya sai ta ce, "To Inna, mi yah hana ki hwaɗi da baki?" Har tsohuwar ta koma ga Allah ba ta samo amsar wannan tambaya ba.

Abin da Iyatu ta sani, ko da yake ba ta iya faɗarsa ba a lokacin, shi ne ido yana da surutu. In mutum na magana ta kalli idonsa, sai ta ji kamar mutum biyu ne ke yi mata magana tare, ɗaya da baki, ɗaya da wani yaren da ba a koya mata ba. Gira ta motsa, ƙwayar ido ta juya, tana ƙoƙarin kama wannan sai maganar bakin ta zube ƙasa. Ga wani nauyi da ke taso mata a ƙirji har sai ta kawar da kai. In ko ta aza idonta a kan abin da ba ya kallonta, babu kalmar da za ta wuce ta.

Ranar da ta fara riƙe kibiyar kitso ta gane Allah bai manta da ita ba. Ga sana'ar da mutum zai tako da ƙafarsa, ya juya maka baya, sannan ya buɗe baki. Mata kuwa suka gano cewa abin da ba ka iya faɗa wa mai tsare ka da ido, kana iya faɗa wa mai tsaga maka gashi. Shuku, kalaba, zane, duk hannunta ya faɗa a kai, tsagarta kamar an ja da zare. Illarta ɗaya, ba ta san kara ba. In gashinki ya lalace za ta gaya miki ya lalace, ko da dangin mijinki na zaune.

Namadi, manomin dawa daga Yargalma, a wurin zance ya faɗa tarkon. Ya koma gida yana gaya wa abokansa ya samo mai kunyar da babu irinta daga Bukkuyum har Anka, tun da ya fara zuwa ba ta taɓa kallon sama da gwiwarsa ba. Suka ce ya yi haƙuri, duk haka suke, in ta shiga ɗaki za ta ɗago. Ga shi yau gemunsa ya yi fari yana jiran ɗagowar. Amma Namadi mutum ne mai saukin kai, ya samo dabararsa. Ya lura in ya goya ta a babur za su kasuwar Adabka, tana bayansa yana gaba, bakinta ba ya rufuwa, har dariya take ba shi ya kusa faɗawa rami. Tun daga nan duk maganar da ta fi ƙarfin tsakar gida sai ya ce, "Tashi mu tai Adabka." Shawarar auren manyan 'ya'yansu duka a kan babur aka yanke ta. Da hanya ta daina daɗin bi, sai suka koma zama kafaɗa da kafaɗa a gindin rumbu, kowa na kallon katanga.

Maƙwabciyarta Sahura ma ta ɗanɗana. Akuyar Iyatu ta taɓa cinye mata shanyar kuɓewa, Sahura ta ɗaura gaba. Damina guda cur tana zabga wa Iyatu harara, a rijiya, a gidan suna, a gidan gaisuwa. Iyatu ba ta san ana yi ba, kullum sai ta gaishe ta da fara'a tana kallon tulunta. Da kaka ta yi, Sahura ta gaji, ga kai ya tsufa yana ƙaiƙayi, ta zo ta zauna ta kwance kallabi. Ana cikin tsifa ta ce, "Ke dai ba ki san ina hushi da ke ba?"

"Tun yaushe?" in ji Iyatu.

Sahura ta fashe da dariya har kibiya ta soke ta. Tun ranar suke aminai.

Da Iyatu ta haifi 'yar fari, Zulai, nan ne sunanta ya kai inda ƙafarta ba ta kai ba. Al'adarmu ce uwa ta yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kallonsa. Mata da yawa suna yi ne suna satar ido. Iyatu kuwa aka ce ta yi wadda ba a taɓa gani ba. Har wata Bafulatana mai kawo nono, su da aka sani da wannan kunya, ta ajiye ƙwaryarta ta ce ko a rugarsu sai an tona. Sai aka haifi Sani, aka ga kunyar ba ta ragu ba. Aka haifi Nuhu, haka. Sahura ta ce, "Iyatu dai duniya duka ɗan hwari ta maishe ta." Wannan magana ta bi gari, har yau ana faɗa.

Yaran maza ba su damu ba. Su dai sun san Innarsu ba ta harara, da baki take yi, kuma a gaban kowa. Baƙo ya miƙo wa Nuhu nama, sai ka ji ta ce, "Kak ka amsa, don kara yab ba ka, ba shi son ka ci." Baƙon ya rasa inda zai sa kansa.

Mardiyya ce ta zo daban. Auta ce, ga manyan idanu, ga tsayayyen kallo, irin yaran da ke bin fuskar mutum kamar sun ba shi ajiya. Tun tana rarrafe takan hau cinyar uwar ta kama haɓarta da hannu biyu ta juyo da ita. Da ta iya magana sai ta haɗa da, "Inna, dube ni." Iyatu takan duba, ta riƙe numfashi ɗaya, sannan idon ya zame ya koma kan kunne. Abin yana ba mutane dariya. Yarinyar ba ya ba ta.

Tana 'yar shekara uku da wani abu gubar dalma ta faɗa wa Yargalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, yara suna wasa a ƙurarsa. Wannan shekara ba ta wasa ba ce, gidaje da yawa sun rufe 'ya'yansu. Mardiyya na cikin waɗanda aka kwasa zuwa asibiti a Bukkuyum, Iyatu ta bi ta jinya. Yarinyar ta yi kwanaki a kwance ido rufe, uwar kuwa ta zauna a bakin gado tana kallon fuskar nan daga safe har yamma, ba ta gajiya. Ta haddace ta kamar yadda ta haddace ƙeyar mutane: ɗan tabon da ke gefen girar hagu, gashin ido mai lanƙwasa, leɓen ƙasa da ya fi na sama kauri. Tana kallo tana roƙon Allah ya buɗe idanun, ko da ta san in sun buɗe ita ce za ta kawar da nata.

A can ne wata likita ta lura da Iyatu. Tana yi mata bayanin magani tana leƙa fuskarta, Iyatu na zillewa. Likitar ta ce, "Kina ji na kuwa?" Iyatu ta ce, "Ina ji. In kinka bar biɗar idona, sai in hi ji." Da farko an zaci dalmar ce ta taɓa ta, matan garin da ke ɗakin suka ce a'a, wannan tun ba a san da zinariya ba haka take. Likitar ta zauna gefenta, ba gabanta ba, ta yi mata 'yan tambayoyi, sannan ta ce da alama abin nan ne da ake kira otizim, ba dalma ba ce, ba iska ba ce, halitta ce, kuma akwai irinta da yawa a duniya. Iyatu ta ji daɗin cewa akwai irinta. Sunan kuwa ta bar shi a asibitin, don a ganinta bai ƙara mata komai ba.

Mardiyya ta warke, ta girma, ta yi makaranta, idon nan bai rusuna ba. Kamilu, wani mai shagon ɗinki a Gummi, ya gani ya ce shi irin wannan idon yake so, ita ma ta ce ta ji ta gani. Aka sa rana bayan kaka. Iyatu ta sayi sabon matsefi, ta tanadi man shanu mai kyau, ta yi ta juya irin kitson a ranta. Sai ga magana ta bakin Sahura cewa amarya ta ce shago za ta a Gummi a sa mata gashin doki.

Iyatu ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta sami yarinyar tana wanke kwanuka ta tsaya a kanta, idonta a kan soso.

"An ce Gummi za ki kitso."

"I, Inna."

"Kitsona ya ɓaci na?"

Mardiyya ta ajiye kwanon ta ɗago. "Inna, in anka tambaye ki ƙaƙa huskata take, kin sani? Zulai ɗiyar hwari ta, an san dalili. Ni hwa? Ni auta ta, mi nay yi maki? Ba ni son in bar gidan ga da kitson wadda ba ta san ni ba sai ta ƙeya."

Maganar ta shiga Iyatu har ƙashi, don ba kalma ɗaya da ta zube. Abin kunyar makitsiyar gari a ce 'yarta ta kai kanta wani wuri bai dame ta sosai ba. Abin da ya hana ta cin tuwo shi ne yarinyar za ta tafi gidan miji tana ganin uwarta ba ta son ta.

Sai ta yanke shawarar koyon kallo, kamar yadda ake koyon sabon kitso. Ta fara da Namadi. Yana shan kunu da safe ta zo ta zauna gabansa ta kafa masa ido. Bawan Allah ya shafa gemu ko kunu ya zuba. Ya duba rigarsa. Ya waiga bayansa. Abin da ya jira tun yana saurayi ya zo, sai ga shi ya kasa haɗiye kunu.

"Iyatu, lahiya? In wani abu nay yi, hwaɗa mani."

"Yi ta magana, gwaji ni kai."

"Wace magana? Duk ta gudu. Don Allah koma ma katangarki."

Da ta ga ta iya riƙewa kaɗan, ta kira Mardiyya ɗaki. Ta zaunar da ita, ta dafe gwiwoyi, ta zuba mata ido, ta ce ta faɗi duk abin da ke ranta. Mardiyya ta ga abin da ta daɗe tana nema, sai zuciyarta ta karye ta fara magana, tana yi hawaye na zuba. Iyatu kuwa tana can tana kokawa. Idanun nan manya sun cika ɗakin, suna ƙiftawa, suna kawo ruwa, gumi na bin bayanta, ƙirjinta kamar an aza turmi. Ta riƙe har yarinyar ta yi shiru.

"To Inna, mi kinka gani?"

"Game da mi?"

"Abin da nac ce."

Iyatu ta lalubi kanta ba ta sami ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta iya ƙarya ba. "Ban ji ba," ta ce. "Ina ta dubinki."

Mardiyya ta tashi ta fita. Gyaran ya zama ɓarna.

Ana saura 'yan kwanaki biki Zulai ta iso daga Anka da goyonta. Ita da uwar sai gaisuwa daga nesa, kowa kai a ƙasa, kamar yadda aka saba. Da la'asar Iyatu na madafa tana tuƙa tuwo, 'yan'uwan biyu na bayan zana suna tsintar shinkafa, ta ji Mardiyya na kai ƙara. Zulai ta bari ta gama, sannan ta yi dariya.

"Ke dai wauta gare ki. Ni da anka ce ba a dubina, ni nah hi kowa shan kallo gidan ga."

"Wane kallo?"

"Na Inna mana. Ni ba ni ɗaga ido gabanta, kin sani. To da na duƙe ina wani aiki, sai in ji idonta bisa goshina kamar hantsi. In na motsa ta kau da kai. Cikina na hwari, ban gaya ma kowa ba, ita tag gaya ma Baba, wai ta gani ga huskata. Ke ko kullum idonki na tsaye bisa nata kamar mai bin bashin gaisuwa. Ina za ta samu wurin aza nata?"

Iyatu ta tsaya da muciya a hannu. Ba ta taɓa sanin Zulai ta sani ba. Kunya ta kama ta, ta gaske wannan karon, irin wadda aka daɗe ana yaba mata ba ta yi ba.

Washegari da hantsi tana zaune a kujerarta ta tsuguno tana goge kibiya, ba don tana jiran kowa ba, sai ga inuwa a kan tabarma. Mardiyya ce, kai a tsefe, ba kallabi. Ba ta juya baya ba yadda masu kitso ke yi. Ta durƙusa tana fuskantar uwar, ta aza hannuwa a cinya, ta sauke idonta ƙasa. Da gani abin yana yi mata wuya, fatar idon sai rawa take, irin ta wanda bai saba ba.

Iyatu ta fara da kunne, inda ta saba. Ta dakata ta ga ko idanun za su taso. Ba su taso ba. Sai ta matsa a hankali zuwa kunci, zuwa hanci, zuwa goshi. Ga tabon nan a gefen girar hagu, ya dushe amma yana nan. Ga gashin idon mai lanƙwasa. Fuskar da ta bari a gadon asibiti ce, ta yi tsawo, ta cika, ta zama ta mace, kuma duk wannan ya faru ne tana kallon kunne. Wani daɗi da wani baƙin ciki suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta fara ji.

"Tabon ga na girarki," ta ce, "bakin turmi na, kina koyon tahiya. Leɓonki na ƙasa irin na Innata na. Kuma kwallinki ya zarce ta hagu, kullum haka ki kai."

Mardiyya ta yi wata dariya da ta haɗu da kuka. Hawaye ya gangaro ya ƙara ɓata kwallin. Ta fara ɗago kai, abin da ta saba ke nan tun tana rarrafe.

Iyatu ta sa yatsa biyu a goshinta ta mayar da shi ƙasa a hankali, yadda take yi wa masu kitso in sun cika motsi.

"Tsaya, auta," ta ce. "Ban gama ba."